Abin da Kunnen Ɓera Ya Koya Mana Game da Man Ƙaiƙayi

Manufar wannan darasi

Wannan darasi a kan man shafawa ne na dangin kotizon, wanda ake bayarwa a asibiti domin kumburi da ƙaiƙayin fata. Waɗansu suna kiransa pomad. Za mu ga yadda masana suke gwada shi a jikin ɓera kafin ya iso hannunmu, da abin da gwajin ya nuna na amfaninsa da na ɓarnarsa. Wanda ya gane wannan zai san lokacin da ya kamata ya shafa, da lokacin da ya kamata ya bari. Ana iya karanta darasin a gida, ko a taron zumuntar mata, ko a rumfar jiran likita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mene ne kumburin fata?

Idan wani abu ya taɓa fata, jiki kuma ya ɗauke shi abokin gaba, sai ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe. Jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin zuwa cikin nama, fararen ƙwayoyin jini su taru domin yaƙi. Shi ya sa wurin yake ɗaukar zafi, ya tashi, ya yi ciwo ko ƙaiƙayi. A farar fata wurin yakan yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi toka-toka.

Wannan aiki na garkuwar jiki ne, kuma kyauta ce daga Allah. Ba don shi ba, da ƙaramin ƙwarzane ya isa ya kashe mutum. Amma wani lokaci garkuwar takan tashi faɗa alhali babu ƙwayar cuta. Magini yakan sami tsagewar hannu da ƙaiƙayi saboda siminti. Mace takan sami ƙuraje a kunne ko a wuya saboda ƙarfen 'yan kunne da sarƙa. Wata kuma baƙin lalle na kanti ne yake tayar mata da fata. Akwai yaran da fatarsu take bushewa tun suna jarirai, suna susa a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, musamman da hunturu. A irin waɗannan ne kotizon yake aiki. Yana sa jijiyoyin jinin su tsuke, yana hana fararen ƙwayoyin taruwa, sai kumburin ya kwanta.

Daga ina kotizon ya fito?

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai kamar hula. Ita ce take yin sinadarin da ake kira kotizol, ta zuba shi cikin jini, ya fi yawa da sassafe. Yana taimakon jiki ya riƙe suga da ƙarfin bugun jini, yana kuma tsayar da kumburi idan ya wuce kima. Ashe maganin da muke magana a kansa kwaikwayo ne na abin da jikinmu yake yi da kansa.

A shekarar 1948 wani likita mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo na ƙasar Amurka, ya yi wa wata mata mai tsananin ciwon gaɓɓai allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein, waɗanda suka yi aikin gano sinadarin. A 1952 likitocin fata biyu a birnin New York, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa hydrocortisone yana kwantar da kumburi idan an shafa shi a fata.

Daga nan masu haɗa magani suka shiga sarrafa sababbi, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Sai tambaya ta taso: yaya za a san wanda ya fi aiki, yaya kuma za a san wanda ya fi cutarwa? Ba a fara gwada sabon sinadari a fatar yaro. Saboda haka aka fara da ɓera.

Me ya sa ɓera?

Ɓeran gwaji ba ɓeran rumbu ba ne. Ana haifarsa a ɗaki mai tsabta, ana ba shi abinci da ruwa masu tsabta. Nauyinsa giram 20 zuwa 30 ne kawai, don haka magani kaɗan ya ishe shi. Cikinsa mako uku ne. An daɗe ana haɗa 'yan gida ɗaya aure har suka zama kamar tagwaye, ta yadda idan an ga bambanci tsakanin biyu, za a san daga maganin ne. Kunnensa kuma siriri ne, gashinsa kaɗan, yana da sauƙin aunawa. Abin da ya fi duka, kunnuwan biyu ne: a gwada a ɗaya, a bar ɗaya domin kwatanci.

Gwaji na farko: man kuroton

Akwai wani itace a ƙasashen Asiya da ake kira kuroton. Man 'ya'yansa yana ƙona fata ƙwarai. Ga yadda ake aiki da shi.

Ana raba ɓeraye rukuni-rukuni. Rukuni na farko a ɗiga musu ɗigon man kuroton a kunnen dama, ba tare da magani ba. Rukuni na biyu a ɗiga musu man tare da kotizon kaɗan. Na uku a ƙara yawan maganin, na huɗu a ƙara kuma. Kunnen hagu na kowane ɓera ba a sa masa mai ƙonawar. Bayan kamar awa shida kumburin ya kai ƙarshensa. Sai a auna kaurin kunnen da wani ƙaramin ma'auni mai matse abu a hankali. Wata hanyar kuma, a kashe ɓeran ba tare da wahala ba, a yanke ɗan da'ira daga kowane kunne, faɗinsa kamar milimita 6, a ɗora a sikeli. Kunnen da ya kumbura ya fi nauyi saboda ruwan da ya taru a ciki. Bambancin nauyin dama da hagu shi ne girman kumburin.

Daga nan ake lissafa adadin maganin da ya rage kumburin da rabi. Maganin da ɗan kaɗan ɗinsa ya yi wannan aiki, shi ne mai ƙarfi. A irin wannan gwaji hydrocortisone yana buƙatar mai yawa, betamethasone kaɗan, clobetasol kuwa kaɗan ƙwarai. A gwaji mai kyau, wanda yake aunawa ba a gaya masa wane ɓera ne ya sami magani, don kada son zuciya ya shiga awon.

Ku lura da amfanin kunnen hagu, da rukunin da ba a ba magani ba. Kumburin kuroton yana saɓewa da kansa bayan kwana ɗaya ko biyu, ko an sa magani ko ba a sa ba. Da babu abin kwatanci, da ko ruwan rijiya aka ɗiga sai a ce shi ya warkar. Haka yake a jikinmu. Ƙuraje da yawa suna tafiya da kansu. Don haka maganar maƙwabciya cewa ta shafa ta warke ba ta isa hujja ba, balle kuma ba ku san ko ciwonku iri ɗaya ne da nata ba.

Gwaji na biyu: fatar da ta riƙe abu a zuciya

Ƙaiƙayin siminti da na 'yan kunne dabam yake da ƙonewar kuroton. A nan jiki ne ya haɗu da abu sau ɗaya, ya riƙe shi, duk ranar da suka sake haɗuwa sai faɗa. Domin kwaikwayon wannan, ana aske cikin ɓera a shafa masa wani sinadari mai suna oksazolon. A jira kamar mako ɗaya. Sannan a ɗiga kaɗan a kunne. Washegari kunnen ya kumbura, ko da yake ba a taɓa sa masa sinadarin ba sai ranar. Idan an shafa kotizon a kunnen, kumburin yakan ragu sosai. Amma jikin ɓeran bai manta ba. Idan aka bar shi ya huta, aka sake ɗiga sinadarin babu magani, kunnen zai sake tashi.

Darasin a fili yake. Man kotizon yana kwantar da faɗan, amma ba ya kawar da dalilinsa. Maginin da ya shafa ya ji sauƙi, ya koma kwaɓa siminti hannu tsirara, ciwonsa zai dawo. Safar hannu da takalmin roba mai tsawo suna cikin maganinsa.

A ƙasar Japan, a 1997, masana suka ba da labarin wani jinsin ɓera wanda fatarsa take ɓaci da ƙaiƙayi idan an ajiye shi a ɗaki na yau da kullum, amma idan an ajiye shi a ɗakin da aka tace iskarsa, babu ƙwayoyin cuta, fatar takan zauna lafiya. Jini ɗaya, wurin zama dabam. Haka yaron da ya gaji busasshiyar fata: sabulu mai kaifi, da ƙura, da tufafi masu kaushi suna tayar masa da ciwon. A 2009 kuma, a birnin Rotadam na ƙasar Holan, aka nuna cewa shafa wani magani mai suna imiquimod a bayan ɓera kwana biyar ko shida yana sa fatar ta yi kauri tana ɓamɓarowa, kamar cutar da likitoci suke kira soriyasis. Da wannan ɓera ake gwada sababbin magunguna na cutar, sau da yawa ana kwatanta su da clobetasol ko betamethasone.

Ɓarnar da ɓera ya nuna

Masu gwaji ba kumburi kaɗai suke dubawa ba. Abubuwa huɗu ne suka gani waɗanda suka shafe mu.

Na ɗaya, maganin yana ratsa fata ya shiga jini. A 1965 Tonelli da abokan aikinsa suka tsara gwajin kuroton a kunnen manyan ɓeraye. Ban da kunnen, suka riƙa auna wata tsoka da ke cikin ƙirji mai suna taimus, inda waɗansu ƙwayoyin garkuwar jiki suke girma. Kotizon yana sa wannan tsoka ta ƙanƙance. Idan an shafa a kunne, tsokar ƙirji ta ragu, to magani ya zaga jiki ke nan. Ana kuma auna jinin ɓeran, a ga 'yar hular kan ƙoda ta rage aikinta, don ta ga abin da take yi yana shigowa daga waje.

Na biyu, fata tana sirancewa. Idan aka riƙa shafa mai ƙarfi a bayan ɓera, cikin makonni biyu ana ganin fatar ta rage kauri. Zaren da yake riƙe fata ya ragu, kitsen da ke ƙarƙashinta ya zube.

Na uku, rauni yana jinkirin warkewa a ɓeran da aka ba kotizon, domin kumburi na farko yana cikin aikin haɗe rauni.

Na huɗu, ƙwayoyin cuta suna samun hanya. Ɓera mai lafiya ba ya saurin kamuwa da waɗansu cututtuka na dangin fumfuna. Idan masana suna so su yi nazarin irin waɗannan cututtuka, sukan fara yi wa ɓeran allurar kotizon, sannan cutar ta kama shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarfin da yake kwantar da kumburi, shi ne kuma yake jawo waɗannan huɗu. Har yau ba a sami man kotizon mai ƙarfi wanda ba shi da ɓarna idan an daɗe ana shafa shi.

Ɓera ba mutum ba ne

Fatar ɓera ta fi tamu siranta, magani ya fi saurin ratsa ta. Ɓera yana lasar jikinsa, ya haɗiye wani abu daga abin da aka shafa. Ciwon da aka sa masa na awoyi ne ko kwanaki, namu kuwa yakan yi shekaru. Saboda haka abin da ya yi aiki a ɓera ba a ba marasa lafiya sai an gwada shi a jikin mutanen da suka yarda.

A 1962 McKenzie da Stoughton suka fito da wani gwaji mai sauƙi. Ana sa ɗigon magani a fatar hannun mutum mai lafiya, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a rufe, a bar shi awoyi. Da aka buɗe sai a ga wurin ya yi fari, domin jijiyoyin jini sun tsuke. Wanda ya fi sa fari shi ya fi ƙarfi. Da wannan, da gwaji a marasa lafiya, aka jera magungunan hawa-hawa. Ga uku da za ku fi gani a rubuce a jikin kwali:

Hydrocortisone 1%: mai sauƙi. Shi ake ba yara, shi ake sa wa fuska.
Betamethasone 0.1%: mai ƙarfi. Na jiki da hannu da ƙafa, na ɗan lokaci.
Clobetasol 0.05%: mai ƙarfi ƙwarai. Sai da umarnin likita.

Kada lambar ta ruɗe ku. Clobetasol ne mai ƙaramar lamba, shi ne kuma ya fi duka ƙarfi nesa ba kusa ba.

A 1967 Feldmann da Maibach suka auna yadda hydrocortisone yake shiga jiki ta wurare dabam-dabam. Goshi ya sha ninki shida na abin da fatar hannu ta sha. Fatar marainan namiji ta sha ninki 42. Tafin ƙafa kuwa kusan bai sha kome ba. Shi ya sa muke tambayarku a ina ciwon yake kafin mu zaɓi magani. Fuska, da fatar ido, da hammata, da matsematsi, wurare ne masu saurin sha.

Man bilicin

Farin da ake gani a gwajin hannu, shi ne abin da ake sayar wa 'yan'uwanmu mata, har da maza, a kasuwa da sunan gyaran fata. Da yawa daga cikin mayukan bilicin suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, wani a rubuce, wani a ɓoye, wani an kwaɓa shi cikin man shafawa na yau da kullum. Maganin da aka yi domin ɗan wuri na kwana kaɗan, sai a shafe jiki duka da shi safe da yamma, shekara da shekaru.

Abin da ɓera ya nuna, shi muke gani a ɗakin duba marasa lafiya. Fata ta yi siriri har jijiyoyi suna nunawa. Nankarwa masu faɗi a damtse da cinya, waɗanda ba sa gogewa har abada. Ƙuraje a fuska. Makero mai faɗi a jiki. Ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Idan maganin ya yi yawa a jini, fuska takan kumbura ta yi zagaye, hawan jini da ciwon suga su biyo baya. Wanda yake shafawa kusa da ido yana iya samun yanar ido ko hawan jinin ido. Likitoci a Dakar ta ƙasar Senegal sun ga cewa mata masu juna biyu da suke shafa masu ƙarfin sukan haifi jarirai marasa nauyi. A 2015 ƙasar Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin masu ɗauke da kotizon.

Ba mu faɗi wannan don a kunyata kowa ba. Mace da yawa miji ne ko ƙawaye suka matsa mata. Maza, ku ma wannan magana taku ce. Launin da Allah ya ba matarka ba ciwo ba ne da zai nemi magani.

'Yar'uwa, idan kin yi watanni kina shafawa a jiki duka, kada ki yanke rana ɗaya ke kaɗai. 'Yar hular kan ƙodarki ta saba hutu, tana buƙatar lokaci kafin ta koma aiki. Yankewa farat ɗaya tana iya kawo kasala mai tsanani, da amai, da jiri, da faɗuwar jini, fata kuma ta yi zafi da ƙuraje. Ki zo da kwalin asibiti, za a tsara miki yadda za ki rage a hankali. Idan za a yi miki tiyata, ko kin zo awon ciki, ki faɗa wa ma'aikatan abin da kike shafawa. Asirinki a rufe yake.

A duba kafin a shafa

A Littafin Firistoci sura 13, mai tabo a fata ana kai shi wurin firist ya duba. Idan abin bai bayyana ba, a jira kwana bakwai a sake dubawa. Tun zamanin nan an san cewa cututtukan fata suna kama da juna, sai an duba da kyau. Ga waɗanda kotizon yake ɓoyewa ko ya ƙara:

Makero. Ƙwayar fumfuna ce take kawo shi. Kotizon yana kwantar da ƙaiƙayin kwana biyu, cutar kuwa tana yaɗuwa a ƙarƙashi, kamar yadda ta kama ɓeran da aka yi wa allura. Zoben makeron yakan ɓace, har ma'aikacin lafiya ya sha wuyar gane shi. Maganinsa miconazole ne ko clotrimazole. Na kan yara kuwa sai maganin sha, kamar griseofulvin, na makonni.

Ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da yake haƙa rami a fata. Ƙaiƙayin ya fi da dare, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Ana yi wa mutanen gida duka magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa.

Ƙuraje masu mugunya, da maruru, da gyambo. Waɗannan suna buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Filariya. A ƙauyukan bakin kogi masu ƙudan filariya, ƙaiƙayin jiki duka yana iya zama nata. Maganinta ivermectin ne, wanda ake rabawa a ƙauyuka.

Kuturta. Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya jin taɓawa, a kawo shi da wuri. Tana warkewa, maganinta kyauta ne.

Ku yi hankali da man da ake cewa yana maganin kome, mai magani uku a bututu ɗaya. Yawancinsu akwai kotizon mai ƙarfi a ciki.

Yadda ake shafawa

Kada abin da muka faɗa ya sa ku tsoron maganin da aka rubuta muku. Yaron da yake susa har jini, ba ya barci, yana buƙatarsa, kuma hydrocortisone na mako ɗaya ba ya siranta fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hydrocortisone da betamethasone cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Ga ƙa'idodin:

1. A wanke hannu kafin shafawa da bayanta, sai dai in hannun ne ake yi wa magani.
2. A auna da yatsa. A matso man daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko. Wannan kamar rabin giram ne, ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu har da yatsu. Likitoci biyu a Birtaniya, Long da Finlay, suka tsara wannan awo a 1991.
3. A shafa a wurin ciwon kaɗai, sau ɗaya ko sau biyu a rana, yadda aka ce. Ƙara yawa ba ya ƙara sauri.
4. A fuska da matsematsi, mai sauƙi kaɗai, kada ya wuce mako ɗaya sai an sake dubawa. A jiki, mako ɗaya zuwa biyu.
5. Clobetasol ba na fuska ba ne, ba na jarirai ba ne. Ko babba bai kamata ya wuce giram 50 a mako ba.
6. Kada a ɗaure wurin da leda, kada a sa mai ƙarfi a ƙarƙashin kunzugun jariri. Rufewa tana ƙara shigar magani ninki-ninki.
7. Busasshiyar fata tana son maiƙo kowace rana: man kaɗanya mai tsabta ko basilin marar turare, bayan wanka. Wannan ba shi da iyakar kwanaki, yana kuma rage buƙatar kotizon.
8. Kada a ara wa wani, kada a karɓi aro.
9. A dawo asibiti idan mako ɗaya ya wuce babu sauƙi, ko wurin yana faɗaɗa, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya shigo.

Hakkin dabba

Wani zai ce, ɓerayen nan fa, ba a zalunce su ba? Tambaya ce mai kyau. Karin Magana 12:10 ta nuna cewa kula da ran dabba yana cikin halin adali. A 1959 masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idodi uku da ake bi a ƙasashe da yawa: inda akwai wata hanya, kada a yi amfani da dabba, inda babu, a yi da mafi ƙarancin adadi, a kuma rage musu wahala iyakar iyawa. Yau waɗansu gwaje-gwajen ana yin su a fatar mutum da aka shuka a ɗakin bincike. Duk da haka, sanin da muke da shi an same shi da rayukan halittu masu yawa da wahalar mutane masu yawa. Bai kamata mu yi wasa da shi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa ake barin kunne ɗaya na ɓera ba a sa masa mai ƙonawa? Me wannan ya koya mana game da maganin da maƙwabci ya yaba?
2. Wane abu ne ya nuna cewa man da aka shafa a kunne ya shiga jini?
3. Tsakanin hydrocortisone 1% da clobetasol 0.05%, wanne ya fi ƙarfi?
4. Waɗanne cututtukan fata ne kotizon yake ƙarawa?
5. Yaya ikkilisiya da unguwa za su taimaki mai son daina bilicin ba tare da gori ba?

Aikin gida: kowa ya tattaro mayukan shafawa da ke ɗakinsa, ya nemi sunayen nan uku a jikin kwali. Wanda ya samu, ko wanda babu rubutun abin da ke ciki, ya zo da shi asibiti ko ya nuna wa ma'aikacin lafiya na ƙauye.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ka yi jikinmu, kai ka ba mutane basirar gano magani. Ka ba mu haƙuri mu nemi shawara kafin mu shafa, ka ba mu wadar zuci da fatar da ka ba mu. Ka taɓa marasa lafiya da ke cikinmu, ka ƙarfafa masu jinyarsu. A cikin sunan Yesu, amin.